Kunnen Sadisu

Ni aka ba farantin ƙyalli.
Aka ce: ɗaga shi sama, ban da tari, ban da motsi.
Naira dubu biyu da kwalbar lemo,
ranar Laraba, a Garun Gabas, gindin tsamiyar bakin rijiya.

Janareto suka kai bayan rumbu
don kada kukansa ya shiga na'ura.
Yara uku aka ɗauka haya su kori zakara.
Akuyar Malam Ɗanjuma ta cinye tambaya ta shida,
Darakta Lawwali ya dafe kai:
"A yanke! Wa ya saki dabbar nan?"

Sai ga Sadisu daga mota mai baƙin gilashi,
Sadisun da muke biyan kuɗi mu gani a gidan kallo.
Turarensa ya riga shi isowa.
Wata ta shafa masa hoda har sau huɗu,
ta ja hula ta danne masa kunnuwa,
ta ce, "Yallaɓai, haka ka fi fitowa."

Can gefe, bisa kifaffen turmi,
Barira mai zane ta ɗora allo a gwiwa.
Ba ruwanta da tambaya, ba ruwanta da amsa.
Kamara ɗaya na kallon bakinsa,
ɗaya na kallon yatsunta.

"A jejin nan na yi kiwo," in ji shi,
"ba takalmi, ba karin kumallo."
Darakta ya ce a sake, muryar ba ta karye ba.
Aka sake. Babur ya wuce.
Aka sake. Aka ɗiga masa ruwa a ido,
hawayen kwalba ya gangaro ya yi hanya cikin hoda.
Hannuna ya fara rawa, hasken ya fara rawa,
aka harare ni.

Ita kuwa alƙalaminta na tafiya kamar kaza a shanya,
tsinci nan, tsinci can.
Shaddar ba ta zana ba, agogon ma ta tsallake.
Wani ɗan yaro ta fitar, wuya kamar kara,
wando ɗaure da igiyar rama,
da kunnuwa biyu, manya, buɗe kamar faifai.

Da aka ce a huta a sauya batir,
ya leƙo, fuska ta haɗe kamar hadarin Agusta:
"Wannan ba ni ba ne."

Lokacin Gwaggo Ladingo ta dawo daga injin niƙa,
bokitin ƙullu a ka.
Ta dubi mai shadda, ta gaishe shi gaisuwar baƙo, ta wuce.
Ta dubi takarda. Ta tsaya. Ta sauke bokiti.
"Ikon Allah! Sadisun Hansatu!
Wanda ya ɓatar mini da tunkiya shekarar ambaliya!
Kunnen nan ni na murɗe shi, ga hannun."

Tsit.
Har zakaran ya yi shiru.

Sai mutumin ya cire hula.
Suka miƙe, su biyun, kamar an sako su daga turke.
Ya durƙusa, shadda a ƙasa,
dariya ta zo, kuka ya biyo ta a baya,
na gaske, wanda ba ya jiran a ce a fara.

Darakta na ihu: "Batir! Batir!"
Kamara biyu duk makafi.
Ni kaɗai ban sauke hannu ba,
don ba wanda ya ce in sauke.
Hasken ya sauka a kan kunnen hagu,
rana ta ratsa shi, ya yi ja kamar gauta.

Bayan wata biyu muka gani a wayar Ɗanjuma:
hula a danne, hawayen kwalba, kiɗa mai taushi.
Takardar kuwa tana ɗakin Gwaggo,
an manna ta da ƙullu kusa da madubi.
Har yau tana cewa bai biya tunkiyar ba.